Filin Masu Karatu: Tambayoyinku a Kan Rubuta Manhaja da Tsarin Obijek

Yawancin wasiƙun da suka taru a wannan wata sun karkata ne ga abu guda, wato tsarin rubuta manhajar kwamfuta da ake ginawa a kan kilas da obijek, wanda ɗalibai ke taƙaita sunansa da haruffa uku, OOP. Na zaɓi biyar daga cikinsu, na rage tsawon wasu, na kuma sakaya sunayen marubutansu kamar yadda muka saba. Kalmomin kilas da obijek na bar su yadda ake furta su a ɗakin karatu, domin da su mai koyo zai riƙa cin karo a kullum, sauran kuwa na kira su da Hausa a duk inda Hausa take da kalmar da ta dace.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce da ke shekara ta biyu a sashen kimiyyar kwamfuta. Na haddace ma'anar kilas da obijek da ginshiƙai huɗun da ake cewa tsarin ya tsaya a kansu, har na ci jarrabawa da maki mai kyau, amma idan aka ce in zauna in rubuta manhaja da kaina sai in rasa ta inda zan fara. Mene ne ainihin bambancin kilas da obijek, kuma me ya sa aka wahalar da kai aka ƙirƙiro su? *Wata ɗaliba daga Zariya*

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Halin da kike ciki ba baƙon abu ba ne, kuma asalinsa shi ne an ba ki magani kafin a nuna miki cutar. A tsohon salon rubuta manhaja, ana ajiye bayanai a gefe guda, a rubuta umarnin da ke sarrafa su a wani gefen, kuma kowane umarni yana iya kai hannu ga kowane bayani. Muddin manhajar ba ta wuce layi ɗari biyu ba, wannan ba ya damun kowa. Amma idan ta kai layi dubu ashirin, mutum biyar suna aiki a kanta, sai wata rana a wayi gari wani adadi ya canza, a rasa wanda ya taɓa shi, tamkar tukunyar da kowa a gida yake da ikon zuba mata gishiri.

Waɗanda suka fara kawo mafitar da muke magana a kai mutanen ƙasar Norway ne su biyu, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, waɗanda suka yi aiki a wata cibiyar lissafin kwamfuta da ke birnin Oslo a shekarun 1960. Burinsu shi ne su kwaikwayi yadda al'amura ke gudana a zahiri a cikin kwamfuta, irin su layin jira da zirga-zirga, inda abubuwa da yawa ke motsi lokaci guda, kowanne da halin da yake ciki. Sai suka ga ya fi sauƙi a haɗa bayanin kowane abu da ayyukansa a ƙunshi ɗaya. Harshen rubuta manhaja da suka fitar a 1967, mai suna Simula 67, shi ne ya shigo da kilas da obijek da gado, wato wani kilas ya samu duk abin da wani kilas ke da shi, kuma a kan wannan aikin aka ba su lambar yabo ta Turing ta shekarar 2001, wadda ita ce mafi daraja a wannan fanni. Dukansu biyu sun rasu a 2002.

Yanzu ki ajiye littafin karatu, mu ɗauki abin da kika sani tun kina ƙarama, wato adashi. A ce mata goma ne, kowace tana zuba naira 5,000 duk ranar Juma'a, ɗaya ta kwashe naira 50,000, kuma uwar adashi ta roƙe ki ki rubuta mata manhajar da za ta maye gurbin littafinta. Kafin ki taɓa kwamfuta, tambayoyi uku za ki yi wa kanki. Su wa da wa ke cikin wannan al'amari, me kowanne ya sani, kuma me ake iya neman kowanne ya yi? Za ki tarar akwai mamba, wadda ta san sunanta, da jimlar abin da ta zuba, da ko ta riga ta kwasa ko ba ta kwasa ba. Akwai kuma shi kansa adashin, wanda ya san jerin mambobi, da adadin zubi, da wadda layi ya zo kanta, da kuɗin da ke hannu, kuma ana iya neman ya karɓi zubi, ya ba da kwasa, ko ya faɗi waɗanda ba su zuba ba a wannan mako. Ki lura ba mu rubuta tsawon mamba ko sunan ƙauyen kakanninta ba, domin ba su shafi adashi ba. Wannan zaɓen abin da za a ɗauka da abin da za a bari shi ne ɗaya daga ginshiƙai huɗun da kika haddace, sauran ukun su ne killacewa da gado da folimofizim, kuma kin ga wannan na farkon ba shi da wani sirri.

Kilas shi ne layukan da uwar adashi ta zana a shafin da ba a rubuta komai ba tukuna, ga gurbin suna, ga gurbin kuɗi, ga gurbin ranar kwasa. Obijek kuwa shi ne shafin da aka cike da bayanin mace guda. Saboda haka kilas ɗin Mamba sau ɗaya za ki rubuta shi, amma obijek goma za su fito daga gare shi, kuma da a ce matan ɗari ne, kilas ɗin ba zai ƙaru da ko layi ɗaya ba. Inda misalin ya gaza shi ne shafin littafi ba ya yin komai sai an yi masa, alhali obijek yana ɗauke da ayyukansa, ta yadda idan kika rubuta `mamba.zuba(5000)` ita mambar ce za ta ƙara kuɗin a kan jimlarta. Akwai kuma wani aiki na musamman da ke gudana a lokacin da ake ƙirƙirar obijek, wanda za mu iya kira magini, kuma amfaninsa shi ne ya hana a haifi obijek da naƙasa, kamar mambar da ba ta da suna. A harshen Python ana rubuta shi da sunan `__init__`, a Java kuwa yana ɗaukar sunan kilas ɗin kansa.

Akwai wani tarko da nake so ki sani tun yanzu, domin ya kayar da ɗalibai fiye da duk ma'anonin da ake tambaya a jarrabawa. Mata biyu masu suna ɗaya, waɗanda suka zuba kuɗi daidai wa daida, har yanzu mutum biyu ne, kuma haka obijek biyu suke ko da bayanansu sun yi kama. A ɗaya ɓangaren, mace guda tana iya amsa suna biyu, wanda aka raɗa mata da wanda 'yan unguwa ke kiran ta da shi. A Python da Java, idan kika rubuta `b = a` alhali `a` obijek ne, ba ki samar da sabon obijek ba, suna na biyu kawai kika laƙaba wa tsohon, kuma duk abin da kika canza ta hannun `b` za ki gan shi a `a`. Ki gwada wannan da hannunki a daren yau, domin gani ya kori ji.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina rubuta ƙaramar manhaja ta lissafin shagon mahaifina da harshen Java. Kullum ana cewa in sa kalmar `private` a gaban bayanai, sannan in rubuta wasu ayyuka na karanta su da canza su. Ni kaɗai nake rubuta abin nan, to wa nake ɓoye wa? Ba ɓata lokaci ba ne? *Wani mai karatu daga Kano*

Amsa: Ɗan'uwa, kana ɓoye wa kanka ne na wata shida masu zuwa, wanda zai buɗe wannan manhaja ya tarar ya manta dalilin rabin abin da ya rubuta. Wannan ginshiƙi shi nake kira killacewa, kuma a ganina shi ne zuciyar tsarin gaba ɗaya, sauran ukun a bayansa suke. Ma'anarsa ita ce kowane bayani ya kasance yana da mai shi guda ɗaya, wanda alhakin kiyaye ƙa'idarsa ke wuyansa, kuma duk mai son taɓa bayanin sai ya bi ta hannunsa. Tun a 1972 wani masani mai suna David Parnas ya yi bayanin cewa hanyar da ta fi dacewa a rarraba manhaja ita ce kowane sashe ya ɓoye wata shawara da ake jin za ta iya canzawa nan gaba, don idan ta canza kada gyaran ya bazu ko'ina.

Bari in ba ka labarin abin da ya same ni. Shekarun baya na rubuta wa wata makaranta mai zaman kanta manhajar kuɗin makaranta, na bar adadin bashin kowane ɗalibi a buɗe, kowane sashe yana iya ƙarawa ko ragewa. Daga baya aka ce a sa rangwame ga iyayen da ke da yara uku ko fiye, na sa shi a sashen rajista. Bayan wata biyu aka nemi rangwamen ya fito a jikin rasit, sai na sake lissafa shi a sashen buga rasit, na manta cewa wannan lissafin yana taɓa ainihin adadin. Ashe duk lokacin da akawu ya sake buga rasit ɗin da ya ɓace, bashin sai ya ƙara raguwa. Wani uba da ya zubar da rasit ɗinsa sau uku ya wayi gari makaranta ce ke riƙe da kuɗinsa, a cewar kwamfuta. Na kwana biyu ina bin layi ɗaya bayan ɗaya, na tarar wurare bakwai ne ke iya canza wannan adadi. Da na killace shi tun farko, da ƙofa ɗaya kawai zan tsaya in duba.

A shagon mahaifinka, ɗauki kilas ɗin Kaya, wanda ya san adadin buhunan da suka rage. Idan adadin a buɗe yake, babu abin da zai hana wani layi ya rubuta `shinkafa.adadi = -4`, kuma kwamfuta ba za ta ce uffan ba, ko da yake babu shagon da ke da buhu huɗu ƙasa da babu. Idan kuwa hanya ɗaya ce ta rage kaya, wato `shinkafa.sayar(4)`, to a cikin wannan aikin za ka rubuta sharaɗin cewa ba a sayar da abin da ya fi wanda ke ƙasa, sau ɗaya tak, ya zauna har abada.

Sai dai akwai gaskiya a cikin ƙorafinka, kuma ba zan ɓoye ta ba. Idan ka sa `private` a kan bayani, sannan ka rubuta aikin da ke karɓar kowane adadi ya ɗora a kai ba tare da bincike ba, ka gina katanga ne ka bar ƙofa ba ƙyaure. Ɗalibai da yawa haka suke yi ga kowane bayani don kawai sun ga ana yi, kuma wannan kam ɓata lokaci ne. Ayyukan da ya kamata ka buɗe wa waje su ne waɗanda ke da suna a bakin mai shago, irin su sayarwa, da saro kaya, da mayar da wanda ya lalace, da rubuta bashi.

Wani amfanin zai bayyana ranar da ka gano cewa kwamfuta ba ta iya riƙe wasu adadi masu ɗigo daidai. Ka tambayi Python ko Java jimlar 0.1 da 0.2, za ka ga 0.30000000000000004, saboda yadda ake ajiye irin waɗannan lambobi da sifiri da ɗaya. Shi ya sa masu rubuta manhajar kuɗi sukan ajiye adadi da kwabo, a matsayin cikakkiyar lamba, su raba da 100 sai lokacin nunawa. Wanda ya killace kuɗinsa a kilas guda zai yi wannan sauyi cikin rabin sa'a, sauran manhajar ba ta ma san an yi ba. Harsuna sun bambanta wajen tsanani a nan. Java ba za ta yarda manhajar ta tashi ba idan ka taɓa abin da aka killace daga waje, Python kuwa al'ada ta dogara da ita, inda ake fara sunan da ɗan layin ƙasa don a nuna cewa na cikin gida ne, amma ba ta riƙe hannun wanda ya ƙi ji.

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara basira. Ina koyarwa a wata Islamiyya, kuma ina ƙoƙarin rubuta mata manhajar rajista. Na yi kilas ɗin Mutum, sannan Ɗalibi da Malami da Mahaifi suka gaje shi, komai yana tafiya daidai. Sai ga wata malama da ke koyar da yara da safe, tana karatu a ajin manya da yamma, kuma 'ya'yanta biyu suna makarantar. Yanzu na rubuta ta sau uku, idan ta canza lambar waya sai na gyara wuri uku. Ina kuskuren yake? *Wani malami daga Sakkwato*

Amsa: Amin, Malam, tare da kai. Ka ci karo da matsalar da ta sa ƙwararru suka daɗe suna jan kunne a kan gado, kuma ka yi sa'a ka gamu da ita tun manhajar tana ƙarama.

Da farko, kalmar gado tana iya ruɗar Bahaushe, domin abin da muka sani shi ne dukiyar da ake rabawa bayan mai ita ya rasu, kowa ya kama gabansa da rabonsa. A nan ba haka ba ne. Kilas ɗin uwa yana nan da ransa, ba a raba komai, kowane kilas ɗin ɗa yana samun duk abin da uwar ke da shi, kuma duk ranar da aka canza wani abu a jikin uwar, 'ya'ya da jikoki gaba ɗaya sai sun ji a jikinsu. Ya fi kama da gadon hali ko na kamanni. Wannan ɗaurin shi ne ƙarfinsa, shi ne kuma haɗarinsa, domin babu wata alaƙa tsakanin kilas biyu da ta kai shi tsanani.

Gwajin da ake koya wa ɗalibai shi ne su tambaya ko ɗan wani nau'i ne na uwar, kuma ka bi wannan gwaji daidai, tunda ɗalibi mutum ne, malami ma mutum ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne obijek ba ya sauya kilas bayan an ƙirƙire shi, aƙalla a yadda ake amfani da harsunan da aka fi sani. Don haka gado ya dace ne da abin da yake tabbatacce tun daga haihuwa har mutuwa. Zama ɗalibi ko malami kuwa matsayi ne da mutum ke hawa ya sauka, ko ya riƙe biyu lokaci guda, kamar rawani da ake naɗawa a kuma warware. Mafitar ita ce ka bar kilas ɗin Mutum shi kaɗai da suna da lambar waya da adireshi, sannan ka yi kilas na Ɗalibta da na Koyarwa da na Iyaye a matsayin abubuwan da mutum yake da su. Malamar nan za ta zama obijek guda mai riƙe da matsayi uku, lambar wayarta tana wuri ɗaya, kuma ranar da ta sauke karatu sai a cire matsayin ɗalibta kawai. Wannan shi ake kira harhaɗawa, wato gina babban abu daga ƙanana, kuma shawarar da ta shahara tun shekarun 1990 ita ce a fifita shi a kan gado duk lokacin da aka yi shakka.

Wani zai ce me zai hana a yi kilas ɗin da ya gaji Malami da Ɗalibi gaba ɗaya. C++ da Python sun yarda da gado daga uwa fiye da ɗaya, Java da C# kuwa sun hana shi tsakanin kilas da kilas, saboda rikicin da ke tasowa idan iyayen biyu suna da aiki mai suna ɗaya. Ko da harshenka ya yarda, ka lissafa abin da zai biyo baya: malami ɗalibi, malami mahaifi, ɗalibi mahaifi, da mai duka ukun, kilas huɗu ke nan a kan ukun farko, kuma da zarar an ƙara matsayin ɗan kwamiti lissafin ya ninka.

Inda gado ya dace ma akwai sharaɗi, wanda Barbara Liskov ta jami'ar MIT da ke Amurka ta bayyana a wani jawabi a 1987, kuma har yau ana kiran sa da sunanta. Sharaɗin shi ne duk wurin da ake sa ran uwa, ya zama ana iya ajiye ɗa a gurbinta ba tare da wani abu ya lalace ba. A ce kilas ɗin Asusu ya yi alkawarin ana iya cire kuɗi a kowane lokaci muddin akwai su, sai ka sa asusun ajiya mai wa'adi ya gaje shi, alhali shi ba a taɓa shi sai wa'adi ya cika. A baki asusu ne, amma ya karya alkawarin uwarsa, kuma duk sashen da ya dogara da wannan alkawari zai faɗi ranar da aka miƙa masa irin wannan asusun. Yana da kyau ka sani cewa harshen Go, wanda Google ya fitar a 2009, ba shi da gadon kilas ko kaɗan, kuma ana gina manyan manhajoji da shi lafiya lau.

Tambaya: Salamu alaikum. Kalmar folimofizim ta gagare ni, a Faransanci da Ingilishi duka. Don Allah a fayyace mini ita da Hausa. *Wani ɗalibi daga Maraɗi*

Amsa: Wa alaikumus salam. Kalmar daga Girkanci take, tana nufin siffofi da yawa, amma abin da take nufi a aikace shi ne saƙo ɗaya, amsa iri-iri. Idan ka tsaya a tasha ka ce wa mai babur da mai tasi da mai babbar mota su kai ka kasuwa, magana ɗaya ka yi, amma kowanne da hanyar da zai bi da yadda zai yanke kuɗinsa, kuma ba aikinka ba ne ka koya masa tuƙi.

A manhaja, za ka gane kana bukatarsa idan ka ga kanka kana rubuta dogon jerin sharuɗɗa: idan tsabar kuɗi ne a yi kaza, idan kati ne a yi kaza, idan turawa ta waya ce a yi kaza. Matsalar ba jerin farko ba ce, matsalar ita ce zai sake bayyana a wurin buga rasit, da wurin mayar da kuɗi, da wurin lissafin ƙarshen rana, kuma ranar da aka ƙara hanyar biya ta huɗu sai ka bi su duka, ka manta da ɗaya. Madadin haka, sai ka rubuta yarjejeniya guda cewa duk wata hanyar biya dole ta iya amsa saƙon `biya` da saƙon `mayar`, sannan kowace hanya ta zama kilas mai cika wannan yarjejeniya ta yadda ta ga dama. Mai karɓar kuɗi zai rubuta `hanya.biya(kudi)` kawai, bai damu da wace ce a gabansa ba, kuma sabuwar hanya sabon kilas ne da ba ya taɓa tsofaffi. A Java ana rubuta yarjejeniyar a fili da kalmar `interface`, a Python kuwa ya isa obijek ya kasance yana da aiki mai wannan suna.

Alan Kay, wanda ake cewa shi ne ya raɗa wa tsarin sunansa, ya jagoranci ƙirƙirar harshen Smalltalk a cibiyar bincike ta Xerox da ke Palo Alto a jihar Kaliforniya a farkon shekarun 1970, tare da Dan Ingalls da Adele Goldberg da wasu. Ya karanci ilimin halittu, kuma ya ɗauki obijek kamar ƙwayoyin halittar jiki, kowace a rufe cikin fatarta, ba ta hulɗa da 'yar'uwarta sai ta hanyar saƙo. Daga baya ya nuna bai ji daɗin yadda sunan ya ja hankalin mutane ga obijek ba, alhali babban abin a wurinsa shi ne aikewa da saƙo. Ina ganin ɗalibin da ya fara daga nan zai fi wanda ya fara daga zanen bishiyar gado saurin fahimta.

Tambaya: Malam, da wane harshe zan fara, Java ko Python ko C++? Ba ni da kwamfuta, sai wayar Android. Kuma na ji ana cewa wannan tsari ya tsufa, shin gaskiya ne? *Wata mai karatu daga Bauchi*

Amsa: Malama, ki fara da Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a ƙasar Holan a 1991, domin rubutunsa gajere ne kuma akwai manhajojin waya irin su Pydroid da ke gudanar da shi ba sai da kwamfuta ba. Allon waya zai gajiyar da ke, don haka ki riƙa zana kilas ɗinki a takarda tukuna, abin da ma ya fi amfani ga mai koyo. Idan kin samu kwamfuta ki ƙara da Java, wadda kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 1995, saboda tsananinta zai tilasta miki faɗin nau'in kowane bayani da wanda ke da ikon taɓa shi. C++, wanda Bjarne Stroustrup ya fara ginawa a 1979 ta hanyar ɗora kilas irin na Simula a kan harshen C, ki bar shi sai daga baya, domin zai haɗa miki koyon tsarin da kula da ma'ajiyar kwamfuta lokaci guda.

Maganar tsufa kuwa, abin da ya ragu shi ne zumuɗin da aka yi a shekarun 1990, lokacin da ake ganin komai sai an cusa shi cikin kilas. Manhajar da aikinta shi ne ta karanta jerin maki ta fitar da matsakaici ba ta bukatar kilas ko ɗaya, kuma wanda ya yi mata uku ya wahalar da mai karatu ne kawai. Amma wayar da ke hannunki, yawancin manhajojinta da Java ko Kotlin aka rubuta su, kuma maɓallin da kike dannawa a allo obijek ne mai jiran saƙo.

Ga aikin da zan ba ki, ke da 'yar'uwarmu ta Zariya. Ku rubuta manhajar adashin da na bayyana a sama da kilas biyu kacal, ku tabbatar tana aiki, sannan ku bar ta mako guda ba ku duba ba. Bayan nan ku shigo da sauyi uku ɗaya bayan ɗaya: tarar naira 200 ga wadda ta makara da zubi, da mace mai hannu biyu wadda ke zuba ninki ta kuma kwasa sau biyu, da mambar da ta fice kafin layi ya zo kanta. A kowane sauyi ku rubuta a takarda adadin wuraren da kuka taɓa kafin ya zauna. Idan wuri ɗaya ne ko biyu, kun raba nauyi daidai, idan kuwa ya kai biyar, ku nemo bayanin da ba shi da mai shi. Ku aiko mini da abin da kuka samu, musamman yadda kuka yi da mai hannu biyu, domin akwai hanya fiye da ɗaya, kuma zan kwatanta su a fitowa ta gaba.